Riƙe ƙwallo bayan an kayar da ɗan wasa: tambayoyin da masu horar da 'yan zari-ruga ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a bakin masu horar da 'yan zari-ruga a Jos, musamman malaman motsa jiki na sakandare da waɗanda suka baro ƙwallon ƙafa suka kama wannan wasa da rana tsaka. Kusan kowa kukansa ɗaya ne: yaro ya yi gudu mai kyau, an kayar da shi, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Amsoshin sun dogara ne da dokokin World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, kuma kowace tambaya tana da lamba don a riƙa komawa gare ta.

1. Yaushe ne doka ke cewa an kayar da ɗan wasa, kuma me ya wajaba a kansa?

Sharaɗi biyu ne, kuma sai sun haɗu: abokin hamayya ya riƙe mai ƙwallo, sannan ya kai shi ƙasa yana riƙe da shi. Ba sai ya kwanta ba. Gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa ya isa, haka ma in ya zauna ko ya faɗa kan wani da ke kwance. In kuwa bangaje shi aka yi ya faɗi ba wanda ke riƙe da shi, to ba a kayar da shi ba, yana iya miƙewa nan take da ƙwallonsa ya ci gaba da gudu. Yara da yawa ba su san wannan ba, sai ka ga sun saki ƙwallo a banza.

Da zarar sharuɗɗan sun cika, Doka ta 14 ta ce ya rabu da ƙwallon nan take: ya miƙa wa abokinsa, ko ya sake ta, ko ya ajiye ta a kowane ɓangare, ko ya tura ta a ƙasa zuwa baya ko gefe, ban da gaba. Shi ma wanda ya kayar da shi dole ya sake shi, ya mirgina ya ba da wuri, kuma ba zai taɓa ƙwallo ba sai ya tsaya da ƙafafunsa.

2. Ta wace hanya aka fi rasa ƙwallo a wurin karo?

Wata tana suɓucewa ne a lokacin haɗuwa, ta faɗi gaba, alƙalin wasa ya ba abokan hamayya sikiram, wato inda 'yan gaban ɓangarorin biyu ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna tura juna, a jefa ƙwallo a tsakaninsu. Wata fizge ta ake yi daga hannun mai gudu yana tsaye. Wani lokaci rungume shi ake yi a hana shi faɗuwa har wasa ya tsaya (tambaya ta 5). Akwai wadda ake ɗauke wa a ƙasa saboda abokan wasansa sun makara, ko a hukunta shi don ya ƙi saki. Sai kuma wadda aka ajiye lafiya amma abokan hamayya suka ture masu gadinta suka tsallake ta.

Koci da yawa in ya ga haka sai ya ce yaransa ba su da ƙarfi, ya ƙara musu ɗaga ƙarfe. Da wuya matsalar ta zama ta ƙarfi. In ka bi diddigi, yawanci an riga an rasa ƙwallon tun taku uku kafin karo: mai gudu ya nufi ƙirjin mai tsaro kai tsaye, ko ya tsere wa abokansa ya shiga shi kaɗai. Shi ya sa amsoshin nan suka fi daɗewa a kan ƙafafu da kuma masu mara baya.

3. Yaya ya kamata ya riƙe ƙwallon kafin a taɓa shi?

A fili, da hannu biyu, a gaban ƙirji, yatsu a buɗe a tsakiyar ƙwallon. Muddin tana hannu biyu mai tsaro bai san ko miƙawa zai yi ko gudu ba, kuma wannan shakkar ita ke rage ƙarfin shigowarsa. Taku biyu ko uku kafin karo sai ya mayar da ita ɓangaren da ke nesa da mai tsaro. In ta dama ake zuwa masa, ƙwallo ta koma hagu.

A nan sai ya kulle ta da wuri uku: tafin hannu da yatsu su rufe bakinta na sama, sangalin hannu ya kwanta a jikinta, ƙirji ya tokare ta daga ciki. Gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari. Daidai lokacin haɗuwa ɗaya hannun ya dawo ya rufe ta. Kuskuren da aka fi gani shi ne cusa ta a hammata, bakinta na leƙowa ta baya, gwiwar hannu na lilo. Mai tsaron da ya biyo ta baya da naushi ɗaya zai fitar da ita. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi daƙiƙa goma yana bugun ƙwallon ta sama da ƙasa da baya yana ja, sannan a sauya hannu. Kowa zai gano cewa yana da hannun da ya fi rauni, kuma shi ya kamata ya fi ba lokaci.

4. Me ƙafafu za su yi, tunda ƙwallo a hannu take?

Su ne ke yanke hukuncin yadda za a faɗi. Mai gudu ba ya nufar mutum, yana nufar hannun mutum ko ratar da ke tsakanin masu tsaro biyu. Idan saura kamar mita uku, ya gajarta takunsa, ya karkata kamar zai bi ɓangare ɗaya, ya dasa ƙafa ya koma ɗayan da sauri. Ba sai ya kuɓuce ba. Abin da ake nema shi ne mai tsaro ya kama shi da hannuwa maimakon ya dake shi da kafaɗa, domin kamun hannu ba ya mayar da mutum baya.

Bayan haɗuwa kada ƙafafu su mutu. Taku biyu ko uku gajeru, masu ƙarfi, gwiwoyi na turawa gaba. Amfanin wannan ya wuce mitar da aka samu. Wanda ya faɗi gaba da inda aka tare shi ya tilasta wa masu tsaro su ja da baya su zagayo kafin su shiga, alhali abokansa gaba kawai za su ci. Wanda aka mayar baya kuwa nasa ne za su yi zagayen (tambaya ta 10).

Doka ta yarda ya ture mai tsaro da tafin hannu a buɗe, ba da ƙarfin da ya wuce kima ba. Shiga da gwiwar hannu ko sangalin hannu a gaba laifi ne, haka ma yin tsalle a kan mai tsaro.

5. Ya sunkuya sosai ne ko ya shiga a miƙe?

Tsaka-tsaki, irin tsayuwar ɗan kokawa da ke jiran a kama: gwiwoyi a lanƙwashe, ƙugu ya sauka, baya a miƙe, kai a sama, ido a buɗe. Kafaɗu kada su yi ƙasa da ƙugu. Wanda ya shiga a miƙe ƙyam ya ba masu tsaro dama su rungume shi ta sama, ɗaya ya naɗe ƙwallon, ɗaya ya tallafe shi kada gwiwarsa ta kai ƙasa. Da abokinsa ya zo ya manne, an samu mol, wato turereniya a tsaye da ƙwallo a hannu, kuma in mol ya tsaya ƙwallo ba ta fito ba, sikiram na waɗanda ba su shigo da ita ba ne. Da wannan dabara Ailan ta wahalar da Ostareliya a gasar cin kofin duniya ta 2011, ta doke ta 15 da 6. Maganinta shi ne da mai gudu ya ji an tallafe shi, ya yi ta kokawar kai gwiwa ɗaya ƙasa kafin a samu mol, domin daga nan dole su sake shi.

Sai dai kada a koya wa yara dukar da kai a taku na ƙarshe. Tun 2023 World Rugby ta ba ƙasashe shawarar gwada saukar da tsayin kamu zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba, don rage haɗuwar kai da kai. Mai gudun da ya duƙa kwatsam yana kai kansa ne daidai inda kan mai tsaro yake.

6. Yaya ake koyar da faɗuwa, musamman a filayenmu na rani?

A jere ake sauka: gwiwa, ƙugu, sannan kafaɗa ta baya, haɓa a manne da ƙirji, hannu biyu a kan ƙwallo. Abin da jiki ke so da kansa shi ne ya miƙa hannu ya tare ƙasa, kuma wannan ne ke karya wuyan hannu da ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ban da cewa ya bar ƙwallo a hannu ɗaya. Ana cire wannan ɗabi'a ne a hankali. A fara daga durƙuso, a faɗi dama sau biyar, hagu sau biyar. Sai daga tsugune, sai ana tafiya, sai ana sassarfa, sannan a sa abokin da zai kama a hankali. Kada a wuce mataki sai hannun ya daina fita.

Daga Disamba zuwa Maris jar ƙasar filayen makarantu a Jos takan bushe ta yi tauri, ga tsakuwa. Yaron da ya ƙuje ƙugu sau biyu zai fara tsoron ƙasa, kuma mai tsoron ƙasa shi ne ke tsayawa a miƙe har a fizge masa ƙwallo. A ware wuri mita biyar a kan biyar, a tsince duwatsu, a kwarara masa ruwa jarka uku ko huɗu rabin sa'a kafin a fara. In makarantar na da ramin yashi na dogon tsalle, ya fi ko'ina dacewa da matakan farko.

7. Bayan ya kai ƙasa, yaya zai ajiye ta?

Nan ne aikin da 'yan kallo ba sa gani. Yana sauka ƙwallo na ƙirjinsa, jikinsa na tsakaninta da abokan hamayya. Nan take ya murɗa ƙugu da ƙarfi ya juyo da fuska wajen 'yan ƙungiyarsa, ya miƙa hannuwa biyu iya tsawonsu ya ajiye ta can baya. Ajiyewa ake yi, ba jefawa ba, don ƙwallon zari-ruga in ta gangara ba a san inda za ta nufa ba. Alƙalai kan bar shi ya ɗora yatsu a kanta don kada ta motsa, muddin bai hana wanda ke tsaye ɗauka ba. Ɗaya hannun ya dawo ya kare kai.

Kwanciya iri biyu ake koyarwa. Ta farko ita ce a gicciye, bayansa na kallon abokan hamayya, jiki ya lanƙwashe, hannuwa sun miƙe baya. Tana da sauƙi, kuma da ita ake farawa. Ta biyu ita ce doguwa: ya juya gaba ɗaya har kansa ya kalli gidansu, ƙafafunsa na wajen abokan hamayya. Wannan ta fi kyau in akwai hali, saboda ƙwallon ta yi nisa da hannun mai ƙwace da tsawon mutum guda har da hannuwansa, kuma ƙofar shiga ta ƙuntata. Amma tana bukatar ƙarfin ciki, kuma in mai kamu ya danne ƙafafu ba kullum take yiwuwa ba.

Akwai wata da ake gani a talabijin, inda mutum ke durƙusawa ya turo ƙwallo ta tsakanin cinyoyinsa. Kada a koya wa yara ita. Wuya ne ke ɗaukar nauyin duk wanda ya faɗo a kai.

8. Me ya sa alƙalin wasa ke ta hura mana usur wai mun ƙi sakin ƙwallo?

Saboda abin da yake gani ke nan: abokin hamayya na tsaye da ƙafafunsa, hannunsa na kan ƙwallo yana ɗagawa, na ƙasa kuma ya ƙanƙame. A wannan hali mai gaskiya shi ne na tsaye, kuma fenariti ne. Motsi ɗaya doka ta ba wanda aka kayar. Mirginawa sau biyu, jan ciki, ko sake tura jiki gaba da gwiwa duk laifi ne. In kana yawan samun wannan hukunci, kada ka tsaya kan na ƙasa, ka duba tambaya ta 10, domin yawanci jiran abokansa yake yi.

Kusa da layin ci akwai sassauci: wanda aka kayar yana iya miƙa hannu nan take ya dangwala ƙwallo a kan layin ko bayansa. Hannu ne zai miƙe, ba jiki ba. Kuma tun gyaran dokar da aka fara gwadawa a 2021, in an shiga da ƙwallo gidan abokan hamayya aka hana ta taɓa ƙasa, su ne ke bugo ta daga layinsu. Da can masu kai hari ne ke samun sikiram a mita biyar. Don haka a bakin layi a shiga ta ƙasa.

9. Wane ne dila, kuma yaya ake hana shi?

Shi ne abokin mai kamu da ya fara isowa, ya buɗe ƙafafu, ya sunkuya a kan wanda aka kayar ya ɗora hannu a kan ƙwallo. David Pocock na Ostareliya da Richie McCaw na Niyu Zilan sun yi suna a wannan aiki, kuma duk mai son ya ga yadda ake yi ya kalli Malcolm Marx na Afirka ta Kudu. In hannunsa ya riga kafuwar rak, wato kafin ɗan wasa ɗaya daga kowane ɓangare su haɗu a tsaye a kan ƙwallon, doka ta bar shi ya ci gaba da ja muddin yana ɗauke da nauyin kansa.

Saboda haka tsere ne, kuma da ya kafu cire shi na da wuya. Ana hana shi ne da abu uku da suka gabata: takun bayan karo da ke sa shi ja da baya (tambaya ta 4), murɗawar da ke sa ya kai hannu ya tarar ƙwallo ta bar wurin (tambaya ta 7), da kafaɗar mai mara baya da ta riga hannunsa isowa. Mai gudu kuma ya riƙa dubawa tun daga nesa. In ya ga ƙwararren dilansu na tsaye a gefen dama, ya ja karon zuwa hagu, ko ma ya nufe shi kansa, don wanda ya yi kamu sai ya saki ya miƙe kafin ya nemi ƙwallo.

10. Mene ne aikin waɗanda ke biye da mai ƙwallo?

Na farko ya kasance kamar mita biyu zuwa uku a bayansa, ba a gefensa ba. Wanda ke gefe in an yi kamu sai ya wuce wurin, ya dawo, ya zagayo, kuma a nan daƙiƙa biyu suka tafi. Doka ta ce a shigo ta ɓangaren gidanku, ta faɗin jikin waɗanda ke kwance, abin da ake kira ƙofa. Shigowa ta gefe fenariti ne ko da an yi nasarar ture mutum.

Yana isowa ya karanta abin da ke gabansa. In ba kowa, ya tsaya a kan ƙwallon, ƙafa ɗaya gaba, ya kafu. In dila na sunkuyowa, ya gajarta taku, ya sauka ƙasa da shi, kafaɗa ta shiga ƙarƙashin ƙirjinsa, hannuwa su kama shi, ya tura gaba da sama har ya wuce ƙwallon. Dole a kama da hannu. Shiga da kafaɗa tsirara laifi ne, haka taɓa kai ko wuya, haka faɗawa kan gwiwar mutum, haka yin nutso a kan ƙwallo. Tsohuwar dabarar nan ta rungumar dila a murɗe shi gefe a faɗi da shi, an haramta ta tun 1 ga Yulin 2024 saboda gwiwoyi da idon sawu da take lalatawa. Duk kocin da ya koye ta a da ya cire ta daga horonsa.

Na biyu ya tsaya a kan ƙwallon ya yi gadi. Na uku ya duba: in an gama, ya fita ya shiga layi, don mutum huɗu a rak ɗaya asara ce a wani wurin. An kuma yarda mutum ɗaya tak ya manne wa mai ƙwallo kafin karo ya tura shi, da sharaɗin kada shi ma ya faɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in yawan ya iso a kan lokaci.

11. Yaushe ya kamata ya miƙa ƙwallo ana riƙe da shi, maimakon ya faɗi da ita?

In abu huɗu sun cika: shi ya ci karon yana tafiya gaba, hannuwansa sun kuɓuta sama da mai kamu, yana ganin wanda zai ba, kuma wancan ya kira. Ɗaya ya ɓace, ya faɗi da abarsa. Yara na kallon Sonny Bill Williams na Niyu Zilan da 'yan Fiji suna jefawa ta bayan hannu, ba sa lura da cewa waɗannan sun riga sun raba kafaɗunsu da mai tsaro. A horo a kafa ƙa'ida: duk miƙawar da ta faɗi ƙasa, ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren. Daga ƙasa ma ana iya ɗaga wa mai zuwa ita a hankali daidai cikinsa, in dai nan take ne.

12. Yaya za a tsara horo na sa'a ɗaya a kan wannan?

Minti goma na farko ɗumama jiki ne da ya haɗa da wuya da kafaɗa: rarrafe, mirginawa, turereniya biyu-biyu. Minti goma na gaba kokawar ƙwallo ta tambaya ta 3, daƙiƙa goma-goma, sannan faɗuwa da ajiyewa ba tare da abokin hamayya ba. Daga nan minti goma sha biyar a lungu mai faɗin mita biyar da tsawon goma. A fara ɗaya da ɗaya da rabin ƙarfi, a ƙara mai mara baya, sannan a ƙara dila da zai taso daga mita uku. Nisan da dila ke tasowa shi ne abin da koci ke wasa da shi: in masu ƙwallo na cin nasara kullum a matso da shi, in suna sha kullum a ja da shi baya.

Minti goma sha biyar na gaba wasa ne, biyar da biyar a fili mita 20 a kan 15. A ba da maki ɗaya ga duk ƙwallon da ta fito cikin daƙiƙa uku, koci na ƙirgawa da ƙarfi, maki biyu ga wanda ya ƙwace. Daƙiƙa uku ita ce iyakar da masu horarwa ke kira ƙwallo mai sauri, don bayanta masu tsaro sun gama jeruwa. Sauran lokacin a huce, a tambayi 'yan wasa abin da suka gani.

Kada a cika karo mai cikakken ƙarfi. Jagorar da World Rugby ta fitar a 2021 don ƙwararru ta ce kada ya wuce minti 15 a mako, karo mai sassauci kuma minti 40. In waɗanda ke da likitoci a gefen fili an yi musu wannan iyaka, 'yan makaranta sun fi cancanta.

13. Ba mu da garkuwar soso ko buhunan kamu. Za a iya?

Ƙwarai. Yawancin abin da ke sama jiki da jiki ne. Tsohuwar katifar soso da aka yanka aka naɗe da buhu aka ɗaure da igiya tana aikin garkuwa, gorunan ruwa kuma su zama alamun fili. Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne robar kare haƙora ga kowane ɗan wasa. Takalman gwanjo da ake samu a Katako ko Taminus sun wadatar, amma a shafa ƙusoshinsu da hannu kafin a shiga, duk mai kaifi a goge shi ko a ajiye takalmin. Ƙwallo lamba 5 ta manya ce, yara a nema musu lamba 3 ko 4, don hannun da bai kewaye ƙwallo ba ba zai koyi kulle ta ba.

14. Da damina fa, in ƙwallo ta jiƙe?

A Jos ruwan Yuli da Agusta ba ya barin fili ya bushe, don haka a saba da shi tun a horo: bokitin ruwa a gefe, a tsoma ƙwallo kafin kowane zagaye. A rage miƙawa cikin kamu, a kulle ƙwallo da wuri, masu mara baya su ƙara matsowa. A taɓo mutum kan zame bayan ya faɗi, ya yi nisa da abokansa ba da niyya ba, kuma ƙwallon da aka ajiye da hannu ɗaya takan sulale. Da hunturu kuma matsalar sanyin safiya ne da ke sandarar da yatsu, ga ƙura da ke sa fatar ƙwallo santsi. A goge ta da tsumma mai ɗanshi, a ɗumama hannuwa da 'yan jefe-jefe kafin a fara karo.

15. Akwai bambanci a wasan 'yan bakwai-bakwai?

Dokar kamu ɗaya ce, amma farashin kuskure ya fi tsada. Mutum bakwai ne a filin da goma sha biyar ke cikawa, kowane rabi minti bakwai, kuma ƙwallo ɗaya da aka ƙwace takan zama ci. Mutum ɗaya kawai ya kamata a sa a rak, na biyun shi ne mai fitar da ƙwallo. Shi ya sa a nan ake koya wa mai gudu ya ƙi karon in ba kowa a bayansa: ya ja birki, ya koma baya ko gefe, ya nemi abokinsa. Mita goma da aka bayar da gangan ta fi ƙwallon da aka rasa. In kamun ya zama dole, doguwar kwanciya ta tambaya ta 7 ce ta fi dacewa. Tunda ƙungiyoyi masu tasowa a nan galibi da wannan nau'i suke fara shiga gasa, ya kamata a ba wannan shawara lokaci na musamman.

16. Yara ƙanana, mata, da masu ƙaramin jiki, hanya ɗaya ce?

Hanya ɗaya ce, saurin hawa matakai ne ya bambanta. Sabon shiga, ko yaro ko babba, ya fara da wasan taɓawa, inda wanda aka taɓa zai faɗi da kansa ya ajiye ƙwallo kamar an kayar da shi. A haɗa mutane gwargwadon nauyi da ƙwarewa, ba shekaru kaɗai ba. Mai ƙaramin jiki sau da yawa ya fi ƙato iya ajiye ƙwallo, don ya san ba zai ci da ƙarfi ba, yana sauka da wuri ya juya. Ƙaton ne ke jan mutum uku yana neman ƙarin mita har a raba shi da ita.

Duk wanda ya bugu a kai ya nuna jiri, ciwon kai, amai, ruɗewa ko tangaɗi, a fitar da shi nan take. Ba ya komawa a ranar ko da ya rantse ya warke, kuma sai ma'aikacin lafiya ya duba shi kafin ya dawo horo a hankali. Darussan Rugby Ready da Tackle Ready da ke shafin horarwa na World Rugby a intanet sun yi bayanin wannan dalla-dalla.

17. Ta yaya zan san ko horon na aiki?

Ka ba wani ɗan benci takarda da biro. Duk lokacin da ɗan wasanku ya shiga karo da ƙwallo ya ja layi ɗaya, ya rubuta ɗayan uku: ta fito da sauri, ta fito a makare, ko an rasa. In an rasa ya ƙara harafi ɗaya da ke nuna ta wace hanya cikin biyar ɗin tambaya ta 2. Bayan wasa uku takardar za ta nuna maka inda za ka sa minti goma sha biyar ɗin tsakiyar horo. In akwai waya mai kyamara, a ɗauka daga gefen fili, daga wuri mai ɗan tudu, a tsayar da hoton daidai lokacin da gwiwar mai ƙwallo ta taɓa ƙasa, a ƙirga taku nawa ne tsakaninsa da abokinsa mafi kusa, sannan a ƙirga na dilan abokan hamayya.